Shekarar da na shanya cuku a Landover

Kowace shekara idan kun taru a gidan Yayarku a Bowie ranar cin talo-talon Amirkawa, sai an ɗauko labarin nan. Kai Bashir kake fara shi. Ka ɗaga farantin burokoli sama ka ce wai Mama ce ba ta ji Turanci ba, aka ce mata ciz ta ji cuku, shi ya sa har yau gidanmu ake cin wannan abu. Sai a kwashe da dariya, har surukaina da jikoki. Ni ma ina darawa, don ba na son in ɓata muku cin abinci. Amma rabin labarin kawai kuka riƙe, kuma rabin da ba shi da nauyi. Babanku, Allah ya ji ƙansa, shi ma yana da nasa da yake ba abokansa, wai shi ne ya zauna ya yi tunani ya canza cimarsa da kansa. Na bar shi yana faɗa har ya koma ga Allah, ban taɓa gyara masa a gaban mutane ba. Yanzu ba ya nan, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, don haka zan faɗa muku yadda aka yi.

Lokacin muna Landover ta jihar Maryland, a bene hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Babanku yana tuƙa tasi, yawanci tsakanin gari da filin jirgi, ni kuma ina aikin safe a wani gidan renon yara. Kun san cin babanku. Shinkafa sai an tsiba ta har ba ya hango wanda ke gabansa, burodi da safe, sannan shayi irin namu na Tawa ta Nijar, zagaye uku, kowanne da sukarin da cokali zai iya tsayawa a ciki. Ya daɗe da sanin yana da ciwon sukari, amma ya ɓoye shi kamar abin kunya. Magani sai ranar da ya tuna. A farkon bazarar shekarar nan takalmi ya goge masa ƙasan babban yatsa, wurin ya ƙi warkewa. Bai gaya mini ba. A safarsa na ji warin, ranar da nake wanki. Da ƙyar na ja shi asibiti, likita ya duba, sannan ya sa yatsa ya ja layi a ƙasan gwiwar babanku. Ya ce idan sukarin bai sauka ba gyambon ba zai rufe ba, idan kuma bai rufe ba, nan za a yanke. Ƙafar dama ce, wadda yake taka birki da totur da ita.

Daga ɗakin likita aka tura mu wurin wata Baturiya mai koya wa marasa lafiya yadda za su ci abinci. Da ta ga Turancina na kasuwa ne, sai ta buga waya aka haɗa mu da tafinta, wata Bakanuwa mai zaƙin murya wadda har yau ban san fuskarta ba. Baturiyar ta ɗauko faranti ta raba shi biyu da yatsa, ta ce rabi duk ganye. Ta nuna mini hoton burokoli, wanda kullum nake wucewa a kanti ban taɓa ɗaga shi ba, don ni a ganina ƙananan itatuwa ne na wasan yara.

"Ta ce ki turara shi, Hajiya, kada ki dafa shi ya mutu," in ji Bakanuwar. "Idan Alhaji ya ƙi ci, ki barbaɗa masa cuku a kai. Kaɗan fa."

"Cuku?" na ce. "Akwai cuku ƙasar ga?"

"Kowane kanti akwai, Hajiya."

Ba laifinta ba ne. A wurin Bakanuwa cuku kalma ce ta littafi, duk abin da aka daskare daga nono ya shiga ciki. A wurina kuwa cuku abu ne mai kamanni: fari, falle-falle, busasshe ƙayau, da shaidar tabarma a jikinsa, irin wanda innata take yi a Abalak, can jihar Tawa, ta jera a rana, mu muna korar awaki. Na fito asibitin nan da murna a cikin tashin hankali. Na bi kantin unguwarmu layi-layi ina neman cukun da na sani, ban gani ba. Ke Yaya, kina makarantar sakandare a lokacin, ke kika kama hannuna kika kai ni wurin firigo, wato firij, kika ɗauko mini wani abu rawaya, kowane falle a cikin ledarsa. Kika ce wannan ake nufi, shi ne ciz, cukun Turawa. To ku riƙe wannan da kyau: a ranar na gane. Kuskuren da kuke yi wa dariya ko kwana bai yi ba.

Na sayo rawayan abin na dawo gida. Burokolin kuwa na manta da gargaɗin Bakanuwa, na dafa shi yadda ake dafa zogale, ya yi ta tafasa har ya koma launin toka, warinsa ya cika bene har maƙwabta suna leƙowa. Na narka ciz a kai na kai wa babanku. Ya buɗe kwano, ya rufe.

"Mi ne ne wanga?"

"Abin da likita ya ce, Malam."

"Ciyawa da roba. Kuma dabbar da anka daskare nonon ga da cikinta, wa ya yanka ta? Kin sani? Ko alade ne, kin sani?"

Ban sani ba. Ya ji a masallaci cewa da wani abu daga tumbin dabba ake daskare ciz, kuma ba kowane ake sanin asalinsa ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma na ga yadda ya ji daɗi da ya samu hujja mai rawani. Na koyi turarawa, na gwada da albasa, na gwada da tumatir, na gwada da man gyaɗa. Kullum sai ya tsakura kaɗan ya ce ya ƙoshi. Amma bai rame ba, gyambon kuma bai ragu ba. Wata rana na je ɗauko kaya a bayan motarsa na tarar da robobin abinci da ragowar shinkafa da jan mai. Na gane murfin. Na Hajiya Mariyama ne, ƙawata tun daga gida, wadda take dafa wa direbobinmu abincin rana a gidanta. Ita ce ta riƙe Bashir ranar sunansa.

Na kwana ina juya abin a raina. Na san idan na yi wa babanku magana zai ce to, gobe ya koma. Na san idan na kira Mariyama a waya za ta ce to, amma ba za ta iya hana babban mutum kwano a gaban abokansa ba. Don haka washegari na tashi daga aiki na hau bas, na isa gidanta da azahar, daidai lokacin da falonta ke cike da direbobi. Babanku yana cikinsu, loma a hannu. Na yi sallama, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata, sannan na tsaya a tsakiyar falo.

"Na zo roƙo ne," na ce. "Malam na da ciwon sukari. Likita ya ce in bai sauka ba za a yanke mai ƙafa. Duk wanda ya sake ba shi shinkafa ko shayi da sukari, ya sani da hannunshi a ciki."

Mariyama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Haba Rakiya. Ki kira ni ɗaki mana. Wanga ai tonon asiri ne."

"Na sani, Hajiya. Maganar ɗaki ba ta hana shi ci."

Babanku ya ajiye lomar, ya wanke hannu, ya fita bai dube ni ba. Ko gida bai kai ni ba, a bas na koma. Da ya dawo da yamma na shirya wa faɗa, amma bai ɗaga murya ba. Ya daina yi mini magana ne kawai. Ku kanku kun tuna, idan yana neman makulli sai ya ce Yaya ki tambayi uwarku, alhali ina zaune a gefensa. Yayarsa ta bugo daga Tawa ta ce Amirka ta shiga kaina, wai na tsiraita mata ƙane a gaban maza. Matan garinmu da ke nan suka sa mini suna Lokotoro, wato likita, idan na shiga taro sai a fara ɓoye lemo da wasa, wasan da ba wasa ba. Ni da ake kira in riƙe tukunya a kowane suna da kowane biki, aka daina kirana. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dabarar tawa ta ci, amma ba ta yi magani ba. Ba wanda ya sake ba shi shinkafa. Shi kuma ya rantse a ransa ba zai ci abincina ba. Ya koma burodi da ruwan shayi, wani lokaci dafaffen ƙwai. Gyambon ya ƙara zurfi, likita ya sa masa wani ƙaton takalmi mai tauri ya hana shi tuƙi. Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, daga shi sai rediyon Hausa. Ina kai kwano in ajiye, in dawo in ɗauke shi yadda na kai shi. Wani lokaci idan ya sha magani ciki ba komai sai jiri ya ɗebe shi, in ji ya dafa bango. Na zauna a kicin na ce wa kaina, Rakiya, kin rufe masa kowace ƙofa, ba ki buɗe masa ko ɗaya ba.

A nan ne maganar Bakanuwa ta dawo mini, kuma wannan karon idona biyu. Na san sarai ba cukunmu take nufi ba. Amma na san babanku. Tun yana saurayi yana bin manyan motoci hanyar Agadas, guzurinsa cuku ne da shayi, kuma sau da yawa na ji shi yana cewa duk abin da ya bari a gida ba abin da yake kewa kamarsa. Ba zai iya cewa haramun ne ba idan ya san hannun da ya yi shi. Matsalar ita ce rabona da yin cuku tun ina budurwa a gaban innata, kuma ba ni da ko ɗaya daga cikin kayan aikinta.

Na fara da mahaucinmu na halal, wani dattijo ɗan Senegal. Na ce ina son tumbin ɗan akuya wanda bai fara cin ciyawa ba, mai shan nono zalla. Ya dube ni kamar mai neman haɗa asiri, amma ya yi mini alkawari, kuma ya cika. Na cuɗe shi da gishiri na busar, ina yankar ɗan guntu in jiƙa a ruwa, yadda inna take yi. Madarar kanti ta ƙi ni. Sai in zuba ruwan tumbin in jira, ta tsaya tana kallona kamar ruwan alli. Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada kasuwar manoma da ke ci ranar Asabar, akwai masu kawo madara a kwalba da maiƙo a samanta. Wannan ta kama. Ranar da na taɓa ta na ji ta daskare a ƙarƙashin yatsana, sai da na zauna a kujera, don muryar innata na ji tana cewa kada in yi gaggawa. Tabarma kuma a kantin 'yan Koriya na same ta, wasu ƙananan asabari na gora da suke naɗe shinkafa da su. Na shimfiɗa daskararren nonon a kai, siriri, na matse ruwan da tafin hannu, na kai baranda na shanya.

Ranar Maryland ba ranar Abalak ba ce. Akwai zafi, amma iskar jiƙe take, cukuna na farko ya yi fumfuna kore kafin ya bushe. Na biyu kurege ya ja shi ya hau bishiya da shi, ina tsaye ina kallo. Na zubar da madara mai yawa a watannin nan, ke Yaya har kin ce in bari, ai ana sayar da ciz na halal idan aka nema. Na ce miki ba halal kaɗai nake nema ba. A ƙarshe na gano in kunna obin, murhun gashi, a wuta mafi ƙanƙanta, in sa muciya ta tokare ƙofarsa iska na fita, in bar su su sha yini. Suka fito farare, suna ƙara idan an ƙwanƙwasa, da layin gora a jikinsu. Babanku bai san ana yi ba. Ɗakinsa a rufe yake, kuma mutum ne da bai taɓa sanin inda cokali yake a kicin ba.

Kaka ta shigo, ganyen itatuwa ya fara ja. Wata ranar Asabar na je sayen madara na ga wani abu a teburin wani tsohon manomi, kusa da burokoli. Kore ne mai haske, duk jikinsa tsini-tsini, kowane tsini da 'yan ƙananan tsinaye sun kewaye shi, kamar an jera rumbuna a kan rumbuna. Na tambaye shi da Turancina ko na ci ne ko na ado. Ya yi dariya ya ce na ci ne, sunansa romanesko, ɗan'uwan burokoli ne amma ya fi shi gardi. Ni ba kyansa ya ja ni ba. Lungunan jikinsa na duba, na ga duk abin da ya shiga cikinsu ba zai fito da sauƙi ba. Na sayi biyun.

Ga yadda na yi, kuma haka nake yi har yau. Na yayyanka su daidai loma, na wanke na bar su suka tsane sarai, don idan da ruwa a jikinsu dahuwa za su yi, ba gasuwa ba. Na shafe su da ɗan mai, gishiri, dakakkiyar tafarnuwa da yaji kaɗan, na baza a tire ba tare da wani ya hau wani ba, na sa a obin mai zafi sosai har bakinsu ya fara yin ja. Cukun na ɗora shi a busasshen kasko ya ɗan gasu, yadda ake yi masa a kan garwashi, sannan na jefa a turmi. Na ninka bargo na sa a ƙarƙashin turmin saboda maƙwabtan da ke ƙasanmu. Na daka shi ya yi gari-gari, na barbaɗa tun ganyen na tururi, na juya da hannu kamar ana kwaɗon zogale. Ƙamshin da ya tashi a gidan nan ba na Landover ba ne.

Ban kai ga ɗaukar kwano ba na ji ƙofar ɗaki ta buɗe. Na ji ƙarar ƙaton takalminsa a kan katako, har bakin kicin. Ban juya ba.

"Wa ya zo daga gida?"

Maganar farko ke nan da ya yi mini kai tsaye tun ranar gidan Mariyama.

"Ba wanda ya zo, Malam."

"To wanga cuku fa?"

"Ni na yi shi."

"Ina?"

"Nan. Madarar shanu ce, ɗan akuyan kuma mahaucinmu ya yanka. In kana so ka tambaye shi."

Ya koma falo ya zauna, na kai masa. Daga bakin ƙofa nake kallonsa. Na san abin da zai yi, kuma shi ya yi: ya sa yatsa yana ƙoƙarin tsince cukun ya bar ciyawar. Amma garin ya shige kowane lungu na romanesko, kan burokolin kuma ya shanye nasa. Ya kankara, ya karkaɗa, ya duba ta nan ya duba ta can. Da ya ga ba hanya, sai ya jefa guda a baki gaba ɗaya. Ya tauna a hankali. Ya ɗauki na biyu. Bai tsaya ba sai da ya ga ƙasan kwano, ya shafe shi da yatsa.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce.

Na ce to, gobe a ƙara. Na koma kicin. Ban taɓa jin alfahari da hannuna kamar ranar ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Daga nan kullum akwai shi a gefen kwanonsa, da kifi ko kaza, da ɗan dambun gero cikin tafin hannu. Idan lokacin romanesko ya wuce sai in yi da burokoli kaɗai, in ƙara daka cukun ya yi laushi. Tunda yana ci, sai ya fara shan maganinsa a kan ƙa'ida. Shayi ya koma zagaye ɗaya ba sukari, da ɓallin cuku a gefe, yana sha yana mita. Ba a rana ɗaya gyambon ya rufe ba, a hankali ya riƙa tsukewa. Ana tsakiyar sanyi, ƙanƙara a bakin hanya, likita ya kwance ƙafar ya duba, ya ce a cire takalmin, ko yatsa ba za a taɓa ba. Ya tambayi babanku me ya canza. Babanku ya gyara zama ya ce shi dai ya yi tunani ne ya gyara cimarsa. Ina zaune a gefe da jakata a cinya, na gyaɗa kai.

Kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake. Ni da Mariyama har yau gaisuwa ce kawai, ta mutunci, ba ta da ɗumi. Babanku bai sake taka gidanta ba, kuma wasu daga cikin abokansa na da ya janye daga gare su, don ya kasa manta cewa sun ga ranar da matarsa ta tsaya a kansa. Shekaru bayan haka, muna dawowa daga wani suna a Gaithersburg, yana tuƙi, ba abin da ya kawo maganar sai ya ce:

"Abin da kinka yi mini gaban mutane, Rakiya, ban manta ba."

"Ni ma ban manta ba, Malam. Kuma da za a koma, sai in sake."

Ya ci gaba da tuƙi har muka wuce fitila biyu.

"Na sani," ya ce.

Iyakar abin da muka taɓa cewa a kai ke nan. Ya ci gaba da tuƙi har ya gaji don kansa ya ajiye. Shi ya tuƙa ki, Yaya, ranar da aka kai ki gidanki. Ya yi ɗawafi ba a tura shi a keke ba. Da ajalinsa ya zo, ta zuciya ya zo, ba ruwansa da ƙafa.

Ranar jana'iza kai Bashir ka shiga tare da dattawan masallaci aka yi masa wanka. Da kuka fito ka ratso cikin mata ka zo inda nake zaune, hannun rigarka a jiƙe. Ka durƙusa a gabana. Na ɗauka da Turanci za ka yi mini magana yadda ka saba, amma sai ka tattaro 'yar Hausar da kake da ita.

"Mama, ƙafa biyu. Duka biyu na wanke."

Na ce maka na sani, ka tashi ka je ana jiranka a ɗauke shi.